Sau Bakwai Na Mayar da Kai Baya

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli
a makarantar nan ta gindin dutse, a At-Bashi,
har farinsa ya shige layin tafin hannuna
ya ƙi fita ko da ruwan zafi.
Sai ga takarda daga Bishkek:
kowane malami ya koyi haɗa wayoyin lantarki a kwamfuta
kafin ƙanƙara ta narke.

Kafin ƙanƙara ta narke!
Ni da ko wayata jikata Aiperi ke buɗe mini.

Daren Talata, bayan tumaki sun shiga garke,
na ƙara wa murhu busasshen kashinsu, na ɗora shayi,
na jingina kwamfutar makaranta da tulun nonon goɗiya
kusa da taga, inda sabis ke leƙowa
kamar baƙo mai kunya:
ya shigo, ya fita, ya tsaya a bakin ƙofa.

Zobe yana juyawa a tsakiyar gilashi.
Yana juyawa.
Na sha rabin kofi.

Sai murya.
Babu fuska, 'yar kibiya ce kawai ke yawo:
"Ku ja batirin nan, ku ajiye shi a... a... a nan."

Na dire kofin.

Wannan in'ina na san ta.
Na san inda take tuntuɓe,
na san yadda take tashi ta kakkaɓe gwiwa.
Benci na uku, gefen murhu, rigar da ta yi masa kaɗan:
Nurdoolot, ɗan mai kiwon dawaki,
wanda na ce wa, a gaban yara ashirin da shida,
"Ba ni da yini guda na jiran kalma ɗaya. Zauna."
Ya zauna.
Har ya bar makarantar bai ƙara ɗaga hannu ba.

Ga shi yau yana cewa, "Kada ku damu in bai kama ba da farko."
Bai kama ba.
Na mayar da shi baya. Ya sake faɗi.
Na soka waya a gurbin da ba nata ba, ƙwai ya ƙi ci.
Na mayar da shi baya. Ya sake faɗi,
da tuntuɓen nan, a wuri ɗaya.
Sabis ya ɗauke, ya bar shi rataye a tsakiyar kalma,
na naɗe hannu ina jira,
minti huɗu, minti biyar,
ni da ba ni da yini guda.

Sau bakwai na mayar da kai baya, yaro.
Ba ka yi tsaki ba, ba ka dubi agogo ba,
ba ka ce mini zauna ba.
Na sani, na'ura ba ta gajiya.
Amma wani ne ya zauna a wani ɗaki can birni
ya zaɓi ya faɗi abin sannu sannu,
kuma ba a wurina ya koyi hakan ba.

A na takwas ƙwan ya kama,
ɗan haske rawaya kamar gwaiduwa.
Na waiga in nuna wa wani.
Kyanwa ce kawai, ita ma barci take.

Da safe na haska shi a bangon aji.
Da muryar ta yi tuntuɓe, Ermek ya kwaikwaya, aka kwashe da dariya.
Na tsayar da bidiyon.
Na taka zuwa benci na uku, na ɗora tafina a kai.
"Nan ya zauna," na ce. "Shi ya koya mini wannan jiya."
Shiru, har ana jin itace na ƙara a murhu.
Can baya Jarkynai ta ɗaga hannu, rabi rabi,
ita da amsa kan yi wa nisa kamar rijiya.
Na jira.
Agogo ya yi abin da zai yi. Na jira.

Aiperi ta ce akwai adireshin da saƙo zai same ka.
Ta buɗe mini, ta ba ni wuri.
Da yatsa ɗaya na rubuta sunanka.
Yau kwana uku,
kalma ta gaba ta maƙale mini a maƙogwaro.